Kada mu jira bakin yaro ya buɗe kafin mu duba kunnensa

 

Ɗiyar ƙanwata ta yi sanƙarau tana da wata 8. Allah ya tashi kafaɗunta, muka yi murna. Ta cika shekara 2 ba ta ce "inna" ba. Kowa sai ya ce nauyin baki ne, ai ubanta ma ya daɗe bai yi magana ba. Sai da ta kai shekara 3 muka kai ta Yamai, aka auna, aka ce ba ta ji. Abin da ya ruɗe mu, in ana daka tana waigowa. Ashe girgizar ƙasa ce take ji a jikinta.

Jama'a, yaro da kunne yake koyon magana, tun yana goye. Shi ya sa masana suka ce a auna jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimakonsa kafin wata 6. Awon ba zafi: ɗan abu ake sa wa a kunne, yaro na barci, minti kaɗan an gama.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani ga jinjiri, kunne mai zubar da mugunya, duk mun san su a gidajenmu.

To, me za mu yi? Ki tsaya bayan yaronki inda bai ganinki, ki kira sunansa. In ya kai wata 6 bai waigowa, ko yana gwaranci ya daina, ki faɗa wa ma'aikacin CSI ranar awo. Yaron da ya tashi daga sanƙarau kuwa, a duba kunnensa ko da ya yi garau. Kada allurar rigakafi ta wuce shi.

Ga hukumomi, tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Muna roƙon awon kunne ya shiga ciki, na'urar ta iso gidajen haihuwa na Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Yarinyarmu yau tana makaranta, da maganar hannu muke hira, ni ma na koya. Hankalinta ras. Amma shekarun nan da muka yi muna jira, har gobe suna damuna.