Kafin Mu Ce "A Yi Haƙuri": Magana a Kan Ɓarna da Biyanta

 

An roƙe mu mu yi magana a kan ɓarna. Kalma ce da kowa yake faɗi, amma kowa da abin da yake nufi. Idan manomi ya ce an yi masa ɓarna, mun san dabbobi ne suka shiga gona. Idan magini ya faɗe ta, tsagewar da ruwa ya jawo a gindin bango yake nufi. Likita ya fi cewa lahani ko illa, wato abin da ciwo ya bari a jiki bayan ya wuce. Alƙali kuwa tambayarsa biyu ce: wa ya yi, nawa ne kuma diyya? Hausa ta raba mana su sarai. Ɓarna ita ce abin da aka aikata, hasara abin da mai kaya ya rasa, lahani kuma tabon da ya zauna. Ukun nan ba kullum suke zuwa daidai da juna ba. Ɓarna tana iya zama ƙarama a ido, hasararta kuwa ta kayar da gida.

Mu da muke tsiraru a garuruwanmu ba baƙi ba ne ga lissafin ɓarna. Bayan zaɓen Afrilu 2011, cikin kwana uku an kashe mutum fiye da 800 a jihohin Arewa 12, Kirista da Musulmi, aka ƙone majami'u da masallatai da gidaje da shaguna. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sheikh Ahmed Lemu, daga baya kuma a 2013 ta ware kuɗin tallafi ga waɗansu jihohi. A irin wannan lokaci mun iya rubutu: kwanon rufi bandir nawa, benci nawa, buhun siminti nawa. Wannan daidai ne, kada mu daina. Amma abin da yake damunmu yau shi ne, mun ƙware wajen ƙirga ɓarnar da aka yi mana daga waje, wadda muke yi wa juna a cikin gida kuwa ba ma son a ambaci sunanta.

A wata ikilisiya da muka taɓa yi wa hidima, awakin wani dattijo suka cinye waken wata gwauruwa gab da girbi. Aka kawo magana gaban majalisar dattawa. Mu da kanmu muka ce, "Mama, ki yi haƙuri, 'yan'uwa ne ku cikin Ubangiji." Ta ce ta haƙura. Muka yi addu'a, muka tashi muna murna an sulhunta. Ba wanda ya tambaya mudu nawa ta rasa, ba wanda ya san kuɗin makarantar jikarta ne a gonar nan. Bayan wata biyu ta daina zuwa zumuntar mata, muka kuma ce ta yi sanyi a bangaskiya. Laifinmu ne, mun kuwa yarda da shi a gabanku.

Littafi Mai Tsarki ba ya gaggawa irin tamu. Ku duba Fitowa sura 21 da 22 in kun koma gida. Wanda ya saki dabbarsa ta ci gonar wani, zai biya daga mafi kyawun amfanin tasa gonar, ba daga ƙaiƙayi ba. Wanda ya kunna wuta ta bi ƙaya ta cinye dammunan hatsin maƙwabci, shi zai biya, ko da bai yi niyya ba. Wanda ya haƙa rami ya bar shi buɗe, sa ko jaki ya faɗa, shi ne da biya. Wanda ya bugi wani har ya kwantar da shi, zai biya kwanakin aikin da ya rasa, ya kuma ɗauki nauyin jinya har ya warke. Ku lura, har lokacin mutum an sa shi cikin lissafi. Inda kuwa da gangan ne, nauyin ya ƙaru: sa biyar a maimakon san da aka sata aka yanka ko aka sayar, tumaki huɗu a maimakon tunkiya. A Littafin Firistoci sura 6, wanda ya ci amana zai mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar, sa'an nan maganar hadayarsa ta cika. Ubangiji Yesu ya bi wannan tsari a Matiyu sura 5, inda ya sa gyara tsakaninka da ɗan'uwa gaba da miƙa baiko. Zakka ma, ran da Yesu ya sauka a gidansa a Yariko, tubarsa ta fito da adadi: rabin dukiyarsa ga matalauta, ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta.

Gafara aikin wanda aka cuta ne, biya aikin wanda ya yi cutar. Mu dattawa mun saba ɗora duka biyu a kan mai rauni, domin shi ne ya fi sauƙin lallashi.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka mutu, waɗansu da suka rayu gubar ta bar musu lahani a ƙwaƙwalwa. Gidajen suna tsaye, ba bangon da ya tsage, ƙura ce kawai a tsakar gida. Likitoci suka nuna cewa ba amfani a ba yaro magani ya koma wasa a ƙasa mai guba. Dole a kwashe ƙasar tukuna. Shi ya sa a Bagega jinyar yara ta jira aikin kwashe ƙasa na 2013. Haka tsegumi da ɓata suna suke a cikin ikilisiya. Budurwar da aka yi wa ƙage, ko ma'ajin da aka ce ya ci kuɗin baiko ba tare da shaida ba, in aka ba su haƙuri a ɗaki alhali maganar tana yawo a gari, an mayar da su kan ƙasa mai guba ke nan. Inda aka ɓata sunan, can ya kamata a wanke shi, da bakin wanda ya ɓata.

Wani zai tambaya, to, idan mai ɓarnar ba shi da abin biya fa? Ko abin da aka rasa ba ya biyuwa, kamar rai ko ido? Manzo Bulus ya gamu da irin wannan a kan Unisimas. Bai ce wa Filimon ba a yi hasara ba. Ya ce a ɗora bashin a kansa, shi zai biya, ya kuwa rubuta haka da hannunsa. Abin da Almasihu ya yi mana ke nan a kan gicciye, kuma a nan ikilisiya take shigowa da aljihunta da ƙafarta.

Saboda haka muna roƙon kowace majalisar dattawa, kafin kaka ta kama, ta zaɓi mutum biyu ko uku masu gaskiya waɗanda suka san gona da kasuwa, a sa mace a cikinsu. In an kawo ƙara, su je wurin su gani da idonsu, su tambayi mai kaya abin da ya rasa, su rubuta. Mai ɓarna ya biya abin da zai iya, ko da aikin gona ne, sauran a duba asusun taimako. Mai kaya in ya ga dama ya yafe bayan an faɗi adadin, wannan tsakaninsa ne da Allah. A taro mai zuwa za mu so mu ji daga kowace ikilisiya ƙara nawa aka kawo, yaya kuma aka ƙare da su.

Mu tashi tsaye mu yi addu'a.