Lallen Amarya: Namu Da Na Indiya



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan lallen biki, ganin yadda ake ta cewa 'ya'yanmu sun bar ƙunshin gida sun koma na Indiya. Na san wasu daga cikin maza za su ce wannan zancen mata ne. To, ku yi haƙuri ku saurara, domin daga aljihunku kuɗin yake fita, kuma a fatar 'ya'yanku da ƙannenku ake zana shi.

Da farko dai, ba Indiya ce ta koya mana lalle ba. Ko sunan ma shaida ne. Mutanen Indiya suna ce masa mehndi, Larabawa su ce hinna, mu kuwa muna cewa lalle, Barebari su ce nalle, Yarabawa kuma suka ara daga bakinmu suka ce laali. Masana harshe suna danganta kalmar tamu da ta Buzaye, wato anella. Wannan bai kamata ya ba ɗan Fagge mamaki ba, tunda unguwarmu zangon ayarin Azbinawa ce tun kafin Turawa su ci Kano a 1903.

A al'adarmu, sa lalle ba ado ba ne kawai. Shi ne alamar cewa yarinya ta bar 'yammatanci. Ana farawa da kamu: amarya ta gudu ta ɓuya tare da ƙawayenta, tsofaffi su bi sawu, a yi ciniki da ƙawaye, sannan a shafa mata lalle tana kuka. Daga nan ta shiga lalle ke nan, ba fita, sai kwanakin da aka ɗiba sun cika alwanka ta yi mata wanka. Hannu a zura shi cikin zunguru, ƙafa a naɗe ta da ganye da tsumma, a kwana a haka. Babu zanen fure, ja ne kawai har ya yi duhu. Shi ma ango a da ana kama shi a sa masa lalle. Wanda yake son cikakken bayani ya nemi littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, inda wata tsohuwa Bahaushiya daga ƙasar Zazzau ta ba da labarin aure kamar yadda ta gani da idonta.

Na Indiya daban yake. Can ana ware yini ko dare guda kafin ɗaurin aure, mata su taru ana kiɗa da waƙa, amarya tana zaune sa'o'i ana yi mata zanen ɗawisu da furanni da ganyaye tun daga yatsu har gwiwar hannu. Sukan ɓoye sunan ango a cikin zanen, a ce ya nemo. Suna kuma da camfin cewa gwargwadon yadda lalle ya kama, gwargwadon son da miji ko uwar miji za su yi mata. Hindu da Musulmi da Sikh duk suna yi. Garin Sojat na jihar Rajasthan ya shahara da noman lalle har gwamnatinsu ta yi wa sunansa rajista a 2021, don kada wani ya sayar da nasa da sunan garin. Ku lura da bambancin: tasu amaryar tana tsakiyar fili ana kallonta, tamu tana ƙuryar ɗaki fuska a lulluɓe.

To ta ina na Indiya ya shigo mana? Amsar tana nan kusa da mu. Gidan silima na Rex ya buɗe a Sabon Gari a 1937, daga baya aka sami Eldorado, ga kuma Plaza da Wapa a nan Fagge. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka riƙa shigo da finafinan Indiya tun wajen shekarun 1950, kuma iyayenmu suka karɓe su hannu biyu, domin sun ga kunya da biyayya da auren dole irin wanda suka sani. Sai dai silima wurin maza ne. Matan aure ba su ga bikin Indiya sosai ba sai da talabijin da kaset ɗin bidiyo suka shiga ɗakunansu. Finafinai irin su Hum Aapke Hain Koun na 1994 kusan biki ne tun daga farko har ƙarshe. Yau kuwa mai ƙunshi ba ta buƙatar fim, hotunan suna cikin wayarta.

Amma a yi adalci, ba duk zanen fulawa ne na Indiya ba. Manyan furannin nan baƙaƙe, da dilka da halawa da turaren wuta, ta Sudan da Barno suka biyo, wasu kuma alhazai mata suka gano a Makka da Jidda. Ƙunshin salatif, inda ake yanka salatif a liƙa a fitar da zane kafin a shafa jan lalle, shi ma ba daga fim aka ɗauko shi ba.

Ni a ganina aron zane ba laifi ba ne. Abin da ya dame ni shi ne abin da ake zanen da shi.

Lalle na gaskiya ganye ne. A cikinsa akwai wani sinadari da ake kira lawson, wanda yake kama saman fata da farce. Yana buƙatar sa'o'i, ya fara da ruwan goro, ya yi duhu bayan kwana biyu, ya goge cikin mako biyu zuwa uku. Ba ya yin baƙi wuluk. Abin da muke kira baƙin lalle ko dayis, galibi rinin gashi ne mai ɗauke da sinadarin PPD, shi ya sa yake kamawa cikin ɗan lokaci. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a shafa shi a fata ba. Ga wadda jikinta bai karɓe shi ba, yana kawo ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa daidai siffar furen da aka zana, kuma sau da yawa ba ranar yake fitowa ba, sai bayan kwana uku zuwa mako biyu, wato lokacin da amarya take ɗakin mijinta. Wadda ya taɓa yi wa haka, jikinta ba ya mantawa. Duk ranar da ta sake rina gashi, abin yana iya dawowa fiye da na farko. Likitocin Khartoum sun rubuta rahotannin yaran da wannan sinadari ya kashe. Ko jan lalle ma a kiyaye shi daga jarirai, domin yana farfasa jinin yaron da aka haifa da ƙarancin G6PD, kuma wannan lalura ba baƙuwa ba ce a tsakanin 'ya'ya maza a Nijeriya.

Wani abu kuma da ya kamata mu ji kunyarsa: a Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar lalle cikin jerin gadon bil'adama da sunan ƙasashen Larabawa 16, har da Sudan da Muritaniya. Babu Nijeriya a ciki. Tsofaffin da suka san waƙoƙin kamu da yadda ake sa zunguru suna ta ƙarewa.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu abu biyu. Likitoci da ma'aikatan jinya da muke da su a cikinmu su shirya zama da masu ƙunshi na Fagge da Sabon Gari, da masu sayar da kayan a kasuwa, cikin mutunci, domin sana'a ce da take ciyar da gidaje masu yawa, har da na zawarawa da marayu. Na biyu, a ba ɗaliban makarantarmu aikin hutu, kowa ya zauna da kakarsa ya rubuto yadda aka sa ta a lalle, mu buga a fitowa ta gaba ta wannan mujalla. Kuɗin takarda ba zai gagare mu ba.