Sabo Daban, Jaraba Daban



Abin da ya tsayar da mu a gabanku yau shi ne wata kalma da muke saurin jifan mutum da ita, wato "ɗan ƙwaya". Da zarar mun ga abokin ɗakinmu ko abokin aikinmu yana haɗiyar ƙwaya kowane dare, sai mu shiga raɗa, ba tare da mun tambaya ko likita ne ya rubuta masa ita saboda ciwon fargaba da ke hana shi barci da karatu ba.

Magungunan da muke nufi su ne dangin Librium, wanda ya shiga kasuwa a 1960, da Valium, wanda ya biyo baya a 1963. Aikinsu shi ne ƙara wa wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna GABA ƙarfi, shi kuwa sinadarin nan shi ke lafar da jijiyoyi. Idan mutum ya yi makonni yana sha kullum, ƙwaƙwalwa takan daidaita aikinta da maganin. Ran da aka janye shi farat ɗaya, sai jijiyoyi su zabura kamar dokin da aka cire wa linzami: barci ya ƙaurace, hannu ya riƙa rawa, zufa ta karyo, fargaba ta dawo fiye da ta farko, wani har ya faɗi yana jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda kan iya kisa. Wannan shi muke kira sabo. Yakan kama har mutumin da bai taɓa ƙetare umarnin likita ba, don haka ba raunin hali ba ne.

Jaraba kuwa a halin mutum ake gane ta. Shin yana ƙara yawan ƙwayar ba da sanin likita ba? Yana zagaya asibitoci da shagunan magani don ya tara? Maye yake nema ko sauƙi? Yana ci gaba da sha alhali yana ganin karatunsa da albashinsa da iyalinsa suna lalacewa? Wanda amsarsa ta zama i, jaraba ta kama shi. Sau da yawa mai jaraba yana da sabo, amma sabo shi kaɗai bai isa a kira mutum mai jaraba ba.

Me ya sa muka damu da wannan bambanci? Domin cuɗa su yana cutarwa ta fuska biyu. Marar lafiyan da muka kunyata yana iya zubar da maganinsa a masai rana ɗaya don ya wanke sunansa, ya jefa ransa cikin haɗari. Mai jaraba kuma yana iya fakewa da takardar likita, ya ƙi neman taimako.

Masana sun daɗe da lura da haka. A 1988 kwamitin kula da lafiyar magunguna na Ingila ya ba da shawarar kada a sha irin waɗannan ƙwayoyi fiye da mako biyu zuwa huɗu. Farfesa Heather Ashton, wadda ta kula da masu son rabuwa da su a Newcastle daga 1982 zuwa 1994, ta koyar da ragewa kaɗan-kaɗan cikin watanni. A 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta rubuta gargaɗi mai ƙarfi a takardar da ke rakiyar maganin, inda ta ambaci jaraba da sabo kowanne da sunansa.

Saboda haka muna da roƙo uku. Wanda ke shan maganin, kada ya daina kwatsam. Ya koma wurin likita su tsara ragewa tare. Kada kuma ya haɗa shi da giya ko kodin ko tiramol, domin haɗin yana danne numfashi. Mu sauran kuwa, mu tambayi ɗan'uwanmu jikinsa kafin mu raɗa masa suna, in kuma alamun jaraba muka gani, mu raka shi asibiti, domin ita ma ciwo ce mai magani.

 Allah ya ƙara mana lafiya.