Ranar da hannun malamar asibiti ya ƙage



Damanar bara na zo suna nan Kurni tare da wata ƙawata, malamar asibiti, wadda ta yi karatu a makarantar kiwon lafiya ta Damagaram. Ana cikin rabon goro sai wani yaro mai zazzaɓi ya faɗi yana jijjiga. Gida ya ɗauki salati. Wata na neman cokali, wata na kawo ruwa, kowa na ihu: “Ga likita nan!” Ita kuwa ta tsaya ƙiƙam. Da ƙyar ta dawo hayyacinta, ta kwantar da yaron ta gefe, aka ɗora shi a babur sai asibitin Matamaye. Ya rayu, alhamdulillahi.

Amma kun san abin da gari ya riƙe? “Ashe ba ta iya aikin ba.” Wata biyu ba ta barci sosai. Ta ce mini: “Ni fa zan aje aikin nan, ban cancanta ba.”

To, ku saurara. Idan tsoro ya faɗo wa mutum bagatatan, jiki kan zaɓi ɗaya cikin uku: faɗa, gudu, ko ƙagewa. Ƙwaƙwalwa ce ke yanke wannan kafin tunani ya iso, kuma har sojoji da likitoci yana samu. A asibiti tana da majo kusa, ga allura, ga abokan aiki, kowa ya san wurinsa. A tsakar gidan suna fa? Hannu biyu kawai, da idanun dangi.

Mu da muka tsaya muna kallo, me muka yi? Wallahi ni ma ban san abin yi ba. Daga baya ita ce ta koya mini: a kwantar da mai jijjiga ta gefe, a janye abin da zai ji masa ciwo, kada a danne shi, kada a sa masa cokali ko ruwa a baki, a duba agogo. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa, a garzaya asibiti. Yaro mai zazzaɓi da damana kuwa, ko ta tsaya a kai shi a gwada jininsa, don maleriya na iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Roƙona biyu ne. Mu nemi ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta koya wa matasan kowace unguwa taimakon gaggawa, don kada nauyin ya zauna kan mutum ɗaya. Sannan ma'aikatan lafiya su samu wurin da za su faɗi irin wannan a tsakaninsu ba tare da an yi musu dariya ba.

Ƙawata tana bakin aikinta har yau. In kun haɗu da irinta, ku ce mata sannu da ƙoƙari.