Igiyar Da Ba A Gani

Ran Laraba, 29 ga Maris, 2006, da hantsi, duhu ya rufe Jibiya. Rana ta ɓace fiye da minti uku, kaji suka nufi akurki. Inuwar nan ta bi ta Gusau da Katsina, ta ƙetare iyaka zuwa Maraɗi, ba ta tsaya wa ɗan kwastan ba. Waɗansu suka firgita. Amma masana sun riga sun faɗi ranar, har da sa'ar, tun shekaru kafin ta zo. Yaya suka sani?

Ku ɗauki dutse ku sake shi. Ƙasa zai nufa, gama duniya tana jansa. Wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana cikin littafinsa na 1687 cewa jan nan ba na duniya kaɗai ba ne. Kowane abu yana jan ɗan'uwansa. Gwargwadon yawan jikin abu, gwargwadon ƙarfin jansa. Nisa kuwa yana rage shi ƙwarai: in nisa ya ninka biyu, sai ja ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

To, sai ku ce, don me wata bai faɗo mana a kai ba? Ku tuna da yaro mai korar tsuntsaye a gonar gero. Ya sa dutse a majajjawa yana wulwulawa. Dutsen yana so ya wuce sambal, igiya tana riƙe da shi, sai ya yi ta kewaya. In ya saki igiya, dutse ya tafi. Haka wata ya ke. Yana gudu, duniya tana jansa daga nisan mil wajen 239,000, gudu da ja suka daidaita. Da zai tsaya, da ya faɗo.

Duniya ce ke riƙe da wata domin ta fi shi jiki sau 81. A can bisa wata, buhun da ke ƙarar da ɗan dako a kasuwar Jibiya, kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa za a ji, hatsin kuwa ko tiya bai ragu ba. Kada ku raina wata, shi ma yana ja. Wanda ya je Ikko ya ga teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini da dare. Yawancin wannan aikin wata ne.

Rana kuma ta fi duniya jiki sau wajen 333,000, saboda haka mu da watanmu muna kewaya ta sau ɗaya a shekara. Tun da ya ke an san jikin kowanne da nisansa da gudunsa, ana iya lissafta ranar da wata zai gitta tsakaninmu da rana. Husufin rana ke nan. Rana ta fi wata faɗi sau 400, amma ta fi shi nisa sau 400, shi ya sa ya iya rufe ta ruf. Ba kowane wata a ke yi ba, domin hanyarsa a karkace ta ke kaɗan, inuwarsa ta kan wuce sama ko ƙasa da mu.

In an sanar da husufi, kada ku ɗaga kai ku dubi rana da ido tsirara, ko da saura ɗan ƙyalli ya rage, gama tana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. Ku hana yara ma. Ku huda takarda da allura, ku juya wa rana baya, ku dubi siffarta a ƙasa.