Jawabi: Gwajin Ƙanjamau, Sirrinmu da Haƙƙin Marayunmu

Iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan'uwa mazauna Uke.

Duk sa'ad da masu bincike ko masu ba da shawara kan ƙanjamau suka shigo unguwarmu, mukan rufe ƙofa, don gudun kada a ce mu baƙi ne muka kawo cuta. Wannan tsoro mu yake cutarwa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar. Cuta ba ta tambayar asalin mutum.

Mu san haƙƙinmu. Dokar hana tsangwama ta 2014 ta haramta fallasa sakamakon gwajin mutum ba da yardarsa ba, ta kuma hana korarsa daga aiki ko makaranta. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna mana bambanci saboda asalinmu.

Amma mu ma da laifinmu. Magidanci ya rasu, danginsa su zargi matar, danginta su yi fushi, zumunci ya yanke, maraya ya ƙare da talla a bakin titin Keffi. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce maslahar yaro ita ce gaba da komai.

Don haka mu je gwaji, musamman masu juna biyu, domin magani na kare jariri. Mu rufa wa juna asiri, mu riƙe marayu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.