AMSA GA MAI SAURARO: YADDA ZA KI TANADI MARMASHIN MANGWARO KAFIN BAƘI SU ISO

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah a Kusada. Bayan gaisuwa, ta ce ran Asabar mai zuwa dangin saurayin 'yarta za su taso daga Kankiya don sa rana, mutum kamar goma sha biyu. Ita kuwa 'yar kasuwa ce, ba ta da mai taya ta aiki sai yarinya ɗaya. Ta ce mangwaro ga shi nan yana zuba a gidansu har yana ruɓewa, kuma 'yar tata ta ba ta labarin wani abin zaƙi na Turawa da ake yi da 'ya'yan itace da fulawa. Tambayarta ita ce, ko za ta iya yin sa tun ran Alhamis ta ajiye, don kada ta ji kunya gaban surukai?

To Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Amsa a taƙaice ita ce rabinsa zai ajiyu, rabinsa ba zai ajiyu ba. Bari in yi miki bayani.

Wannan abu mutanen Ingila suna ce masa kirambul, wato abin da aka marmasa, saboda haka mu sai mu kira shi marmashi. Ya yaɗu a can ne lokacin yaƙin duniya na biyu, na 1939 zuwa 1945, sa'ad da aka riƙa auna wa kowane gida sukari da mai da ma'auni. Ke nan abincin masu tattali ne, kada sunan ya ba ki tsoro. Kashi biyu ne: 'ya'yan itace dafaffu a ƙasa, garin fulawa da aka murje da mai da sukari a sama.

Mu fara da na saman, domin shi ne mai ajiyuwa. Ki auna fulawa gwangwanin madara shida, sukari gwangwani biyu, man shanu ko Blue Band gwangwani biyu, da ɗan gishiri a bakin cokali. Wannan zai ishi baƙinki har yara su samu. Da sassafe za ki yi, kafin rana ta ɗaga, domin a zafin bazara mai narkewa yake yi, in ya narke kuwa sai abin ya cure ya zama ƙullin cincin. Ki riƙa murzawa da kan yatsu, kada ki cuɗa da tafin hannu, har sai ya zama tsaki-tsaki kamar dambu. Ruwa ko ɗigo ɗaya kada ya shiga. In kina da gyaɗa soyayya ki ɓarza gwangwani ɗaya ki zuba, ko riɗi. Amma ki tsince gyaɗar sosai, duk wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci ki zubar, guba ce ga hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

Daga nan sai ki ɗora kasko mai fāɗi a kan garwashi marar ƙarfi, ki zuba kaɗan-kaɗan kina juyawa, kamar mai suyar gyaɗa, har ya yi ja-ja ya fara ƙamshi. Ki baza a faranti ya huce sarai. Na ce sarai, domin in kika rufe shi da sauran ɗumi, gumi zai yi ya yi laushi. In ya huce ki zuba a gwangwani ko bokitin roba mai murfi, ki ɗora inda tururuwa ba za ta kai ba. Daga Alhamis zuwa Asabar babu abin da zai same shi.

Mangwaron kuwa, nan ne ake yin kuskure. Dafaffen abu mai ruwa da zaƙi, a watan Afrilu ko Mayu da zafi ke kai awo 40 a ƙasar Katsina, ba ya kwana biyu a ɗaki. Tsami zai yi, ya fara kumfa, wani lokaci ma ya lalace ba tare da hanci ya ji ba. Kin ga a ce surukai sun koma Kankiya da ciwon ciki, ai gara a ce ba a ba su komai ba sai ruwan randa. Saboda haka in babu firij mai wuta tsayayya, ki bar dahuwarsa sai safiyar Asabar. Ba ya ɗaukar lokaci, minti goma sha biyar ya isa.

Ki zaɓi mangwaro mai aure, mai tsoka, wanda ya nuna amma bai yi luguf ba. Ƙananan nan masu zare a bar wa yara su tsotsa. Wanda ya faɗo ya fashe ƙuda suka hau, kada ki yi masa kwaɗayi. Manya guda goma sha biyu, ki wanke, ki feɗe, ki yanka ƙanana. Ki zuba a tukunya da sukari cokali huɗu, da ruwan lemon tsami guda biyu ko ɗan jiƙon tsamiya, da garin citta kaɗan, da kanumfari ƙwaya uku. Ruwa rabin gwangwani kawai, shi ma zai fid da nasa. Da ya yi laushi ki sauke ki juye a kwanon tangaran ko samira ki rufe. Kada ki bar shi cikin tukunyar dalma, tsamin yana jawo masa ɗanɗanon ƙarfe.

In dole ne ki dafa da daren Juma'a, to akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malamin makaranta na jihar Jigawa, Malam Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a sama, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Tana sanyaya abu ƙwarai lokacin rani, amma ba firij ba ce. Da safe ki sake tafasa shi sosai kafin ki ba kowa.

Haɗawa kuma sai an gama cin tuwo. Ni da bakina na taɓa shan kunyar wannan. Ina sabuwar malama wasu abokan aikina za su zo mini, sai na yi wayo na haɗa komai tun dare. Da na buɗe washegari na tarar garin ya shanye ruwan, abu ya koma kamar fate. Haka suka ci suna cewa madalla, ni kuwa na san kara ce kawai suka yi mini. Saboda haka ki ɗumama mangwaron, ki zuba wa kowa a ƙaramin kwano, sannan ki barbaɗa marmashin a kai, a ɗauka nan take. In akwai kindirmo mai kyau, ludayi ɗaya a gefe yana ƙara masa armashi. Mai son ta gasa shi irin na Turawa, sai ta sa yashi a gindin babbar tukunya, ta ɗora kwanon a kai, ta zuba garwashi bisa murfi kamar masu yin kek, minti ashirin. Ni dai a ranar taro ba na ba da wannan shawara, hannu bai isa ba.

Wani abu kuma Hajiya, cikin baƙin nan za a sami dattawan da ba su saba da baƙon abinci ba, za a sami kuma mai ciwon sukari. Kada ki fasa alkaki da nakiyarki, waɗanda iyayenmu suka san suna yin makonni ba su lalace ba, kuma ki yanka ɗanyen mangwaro a faranti ba sukari don wanda bai son zaƙi. Maigida kuma, in kana saurare, gawayi da fulawa su shigo gida tun ran Laraba.

Idan lokacin gwaba ya zo bayan damina, haka za ki yi da ita, sai dai ki tace 'ya'yan da rariya bayan ta dahu. Ki rubuto mana yadda aka kwashe da mutanen Kankiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.